Fanka Arba'in da Ɗaya a Littafin Baba Mai Agogo

Kwana goma sha ɗaya da dawowata gida Inna ta gaji da ganina. Shekara tara na yi a waje, na dawo da jaka ɗaya da ƙafafun da ba su san zama ba. In na zauna a ɗaki sai in ji kamar rufin zai sauko min a ka, in na fita bakin titi sai in tarar sa'o'ina duk sun watse. Na gyara ƙofar banɗaki da ba ta lalace ba, na sauya wa kujerun falo wuri har sau uku.

"Kai wannan," in ji Inna, "kana ta zagaye min gida kamar kazar da ƙwai ya matsa. Tafi shagon kawunka, ya ce yana neman mai ilimi."

Kawu ƙanin Inna ne, shi ne autansu. Shagonsa na tsakanin na Tela da na mai wanki da guga, a nan yake buga katin gayyata da rasit da takardar cigiya. Kayan aikinsa injin kwafi ne guda, da wata ƙatuwar wuƙar yankan takarda mai hannu kamar na famfon burtsatse, sai fanka ta tsaye mai juya kai. Amma ranar da na je na tarar an ɗaga sabon allo a saman ƙofa, an rubuta Maɗaba'ar Raya Fasaha, a ƙasa kuma Ofishin Darakta.

"Zauna, ɗan yayata," in ji shi. "Ka zo a kan gaɓa. Mawaƙan garin nan da masu zane marayu ne, ba uwa ba uba. Ni ne zan zame musu duka biyun. Zan buga littattafansu, in tara jama'a kowane wata a karanta waƙa, a rataye zane. Nan da shekara biyu sai mutum ya cike takarda kafin ya gan ni."

Tela ya leƙo da allura a baki. "Darakta, katin bikin ƙanwata fa? An yi bikin tun watan jiya, har an fara faɗa."

"Ka ji irin su," in ji Kawu. "Ana maganar fasaha yana maganar kati. Ka ga wannan? Shekara tara yana waje yana koyon harkar ɗab'i. Shi ne mataimakina."

Gaskiyar magana tayoyin mota na yi ta jerawa a wani sito har bayana ya sankare. Amma Tela ya cire allurar daga baki ya dube ni da mutunci, abin da ba wanda ya yi tun da na dawo, sai na gyara tsayuwa na bar maganar a haka.

Littafin farko da Kawu ya sa wa ido na Baba Mai Agogo ne. Baba tsoho ne mai gyaran agogo a rumfar bakin kasuwa. Shekara arba'in yana rubuta waƙoƙi a wani kundi mai baƙin bango, yana rera su a hankali yana kwance ƙusoshin agogon mutane. Yanzu idonsa ya soma tafiya. Likita ya ce masa kafin shekara ta zagayo da wuya ya bambance fuska da bango. Burinsa ɗaya, ya riƙe waƙoƙinsa a matsayin littafi ya ga sunansa a jiki kafin duhun ya rufe. Kuma kundin nan shi kenan, babu na biyu.

Da muka je karɓa, sai da ya warware shi daga tsumma biyu.

"Auta," ya ce da Kawu, "ban taɓa bari ya kwana a wani gida ba."

"Baba, Darakta ake cewa yanzu. Kundin nan zai dawo hannunka ko ƙura bai sani ba. In ƙwaro ya kusance shi, da ni zai fara."

Baba ya miƙo shi ta wajena, ba ta wajen Kawu ba. "Ɗan nan, kai da ka ga duniya, ka kula."

Kafin mu kai shago Kawu ya tsayar da ranar ƙaddamarwa, Asabar ta sama, ƙarfe goma na safe, a zauren makarantar firamare. Ya sanar da mai kayan miya, ya sanar da masu gyaran babur, ya sanar da wani da ya tsaya tambayar hanya. Kwana tara ke nan.

A ranar farko ya zauna gaban kwamfuta zai buga waƙoƙin. Da yatsa ɗaya yake bugu, kuma kowane harafi sai ya neme shi kamar ɓataccen ɗan akuya. Zuwa la'asar ya yi baiti huɗu. Kundin kuwa shafi ɗari da ashirin ne.

"An fasa," in ji shi. "Rubutun hannun mawaƙi shi ne ruhin waƙa. Haka nan za mu kwafe shi mu buga. Ba haka ake yi a waje ba?"

"Ana yi," na ce.

"To ka ji. Sai dai injin nan ba ya jan littafi, falle-falle yake ja. Za mu yanke ɗinkin bayan, mu kwafa, mu mayar mu ɗinke. Riƙe min nan."

"Kawu, ba za mu buɗe shi mu riƙa kifawa shafi-shafi ba?"

"Wannan aikin masu kwafin takardar haihuwa ne. Maɗaba'a muke."

Na riƙe. Ya auna da ido, ya ce idonsa ya fi ma'auni, ya ɗaga hannun wuƙar ya danna da dukkan nauyinsa. Ji kake ƙaras. Bayan kundin ya faɗi ƙasa, wani siririn yanki mai faɗin yatsa biyu. Kawu ya shure shi cikin kwandon tarkace, ya ce mu tafi cin abinci, aikin yau ya yi albarka.

Sai washegari da safe na lura. Baba mutum ne mai tattalin takarda, gaba da baya yake rubutu. A fuskar kowane falle ya bar fili ta gefen ɗinki, don haka wuƙa ba ta ci komai ba. A bayan falle kuwa layinsa har cikin ɗinkin yake kaiwa. Shafi sittin cif, kowane layi ya rasa kalmarsa ta ƙarshe. Wato inda amsa-amon waƙar yake zaune, nan wuƙar ta bi.

Na nuna wa Kawu. Ya duba, ya juya fallen, ya ɗaga shi sama ko kalmomin za su fito ta hasken rana. Sannan muka yi wa kwandon tarkace tsinke a tare. Fayau.

"Wa ya taɓa min kwando?"

"Wanda ke taɓawa kullum," in ji Tela daga ƙofa. "Mai guga. Da me kake so ya hura gawayi?"

Mun tarar da mai guga yana goge wata farar riga yana fito.

"Takardun jiya?" ya ce. "Ai, Darakta, na gode. Akwai wani mai kauri a ciki, da zare a jiki, wallahi ya kama wuta kamar an zuba masa fetur. In akwai irinsa a ajiye min."

Kawu ya tsaya yana kallon dutsen guga. Ni kuma ina kallon Kawu.

"Mu je mu gaya wa Baba," na ce da muka koma. "Shi ya rubuta, zai tuna."

"In je in ce masa me? Darakta ya yanka maka shekara arba'in? Ka san bakin unguwar nan? Kafin azahar an sa min suna, kuma sunan da aka sa wa mutum a nan har jikokinsa ke gado." Ya zauna, ya ja numfashi, sai na ga fuskarsa ta washe, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Kai, mene ne aikin edita? Cike giɓi. Kalma ɗaya ce fa a kowane layi. Mutumin da ya rubuta katin gayyata dubu zai rasa kalma ɗaya? Miƙo gam da farar takarda."

Muka liƙa wa kowane falle sabon gefe. Kawu ya ɗauki biro, ya lanƙwasa hannu wai yana kwaikwayon rubutun Baba. Yadda yake aikin shi ne, ya karanta layi har inda ya yanke, ya ɗaga kai ya dubi shago, abin da idonsa ya fara sauka a kai shi zai rubuta. Abin da ya fi tsaya masa a gaba kuwa fanka ce, tana juyo kai tana kallonsa kamar mai ba da shawara. In ya sa fanka a layin farko, sai ya nemo mata 'yan uwa: wanka, yanka, tanka, ɗinka. In sun ƙare ya koma kan fanka.

"Kawu, wannan fa waƙar rasuwar matarsa ce."

"To a gidan rasuwa ba a jin zafi?"

Kwana uku muka yi a haka. Na so in zame in je rumfar Baba, har sau biyu ina kaiwa bakin kasuwa. Sai in hango shi ya kusanto da agogo dab da hancinsa, in tuna hannuna ne ya riƙe kundin lokacin da wuƙa ta sauka, in juyo.

Ana nan sai ga Mai Fenti da bangon littafi. Mai Fenti bayan manyan motoci yake zanawa, kuma abu uku ya iya a duniya, zaki da gaggafa da ƙaton mutum. Ya haɗa duka ukun. Baba ya fito da ƙirji kamar ƙofar gareji, ya shaƙe zaki da hannun dama, gaggafa ta sauka a kafaɗarsa. Zakin na sanye da agogo.

"Wannan wane ne?" in ji Tela.

"Baba Mai Agogo."

"A wace shekarar?"

"Kai dai ka san wando," in ji Mai Fenti. "Mawaƙi ƙarfinsa a ciki yake. Ni na fito masa da shi waje."

Kawu ya ce bai taɓa ganin bango mai kwarjini irin wannan ba, amma yana son ya yi ƙyalli. Mai Fenti ya kawo ragowar man ƙyallin da yake shafa wa motoci, aka shafe bango ɗari biyu, aka jera littattafan a kwali tun man bai gama shan iska ba, saboda Kawu ya ce lokaci ba ya jiran fasaha.

Ranar Juma'a da yamma muka kai wa Baba kwafi ɗaya da na ware a gefe. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya shinshina, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kawo bangon har ya kusa taɓa girarsa, ya bi manyan haruffan sunansa da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe ciki, ya ƙura ido, ya rufe.

"Ƙananan ba na ganinsu," ya ce. "Gobe zan ji su da kunne. Kundina fa?"

"Yana hutawa a ofis," in ji Kawu.

Asabar zauren makaranta ya cika tun kafin goma. Mai Fenti ya jingina allunan bayan mota shida a bango a matsayin baje kolin zane, zakuna sun zagaye jama'a ta ko'ina. Matasan mawaƙa uku sun zauna a layin gaba da kundayensu a cinya, domin Kawu ya yi musu alkawarin su ne na gaba. Inna ta zo da ƙawayenta. An zaunar da Baba a babban tebur cikin sabuwar riga, kusa da babbar baƙuwa, Malama, tsohuwar shugabar makarantar, wadda ta koyar da rabin mutanen zauren har da Kawu.

Lasifikar kuwa Kawu ya aro ta ne daga mai tallan maganin ƙwari, kuma ba wanda ya gaya masa akwai maɓallin da ba a taɓawa.

"Jama'a," ya fara, "yau rana ce da tarihi zai tsaya ya cire hula. Abin da na kawo muku a yau shi ne..."

"Maganin ɓera da kyankyaso," in ji lasifika da muryar wani mutum, "sha yanzu, mutu yanzu."

Aka yi dariya, aka kashe, aka kunna. Kawu ya yi jawabin minti hamsin. Ya ce kafin zuwansa fasaha tana kwance a asibiti, shi ya sa mata ƙarin ruwa. Ya ce ya bi littafin nan layi-layi da hannunsa, wanda kuwa gaskiya ne. Sannan ya yi min alama in buɗe kwali.

Na sa hannu zan ɗauko littafi ɗaya, sai guda ashirin suka taso tare kamar bulo. Man ƙyalli ya haɗa su zumunci. Na ja, Mai Fenti ya ja, Tela ya kawo almakashi yana cewa a yi hankali da zakin. Da muka ɓamɓare na farko, rabin fuskar Baba ta tafi a bayan na biyu. Duk wanda aka miƙa wa kwafi sai ka ga yana yarfe hannu littafin na biye da shi.

"Littafi ne mai kama mai karatu," in ji Kawu a lasifika. "Da gangan ne."

Baba ya miƙa wa Malama nasa kwafin mai lafiya. "Malama, shafi na goma sha biyu. Ta uwar yarana ce. Ita nake so a fara da ita."

Zaure ya yi tsit, don kowa ya san marigayiyar. Malama ta gyara tabarau, ta miƙe, ta karanta da muryar da ta saba tsayar da yara ɗari biyar.

"Kin tafi kin bar ni da ɗaki mai fanka,
Ruwan randa ma ya daina yi min wanka."

Ta tsaya. Wata ƙawar Inna ta toshe baki da mayafi. Daga baya wani ya ce, "Allah sarki, ashe ita ke masa." Shi ke nan zaure ya fashe, har da masu ƙoƙarin riƙewa saboda girman mamaciya, su ne ma suka fi shan wuya.

Baba bai yi dariya ba. Ya karkata kai kamar yadda yake sauraron agogon da ke ƙarya.

"Malama, sake karantawa."

Ta sake.

"Ni da ita ba mu taɓa mallakar fanka ba," ya ce.

Malama ta juya shafi. "A nan ma akwai fanka." Ta juya wani. "Nan guda biyu. Waƙar damina, fanka. Waƙar haƙuri, fanka." Ta kusanto da littafin, ta dubi ƙarshen layukan, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Sannan ta juyo a hankali. "Auta. Zo nan."

"Malama, Darakta..."

"Wannan harafin mai karyayyar ƙafa na san shi tun aji uku. Sau nawa na tsare ka bayan tashi a kansa? Me ya kai hannunka cikin waƙar mutane?"

Kawu ya rungumi lasifika. "Jama'a, a harkar ɗab'i ta zamani akwai abin da ake kira gyaran edita. Ga mataimakina nan, ya shekara tara a waje, zai tabbatar muku haka ake..."

Ido ɗari huɗu suka juyo kaina. Na dubi Baba, yana laluben gefen tebur da hannu.

"Tayoyi na jera a waje," na ce. "Baba, mun yanke kundinka. Ni na riƙe, Kawu ya danna. Ƙarshen layuka na shafi sittin ya tafi, kuma an hura gawayi da shi."

"Wallahi ban sani ba," in ji mai guga daga tsakiyar zaure. "Amma ya ci wuta da kyau."

Matasan mawaƙan nan uku, ba tare da sun dubi juna ba, kowa ya ɗaga riga ya tura kundinsa ciki.

Baba ya ɗago kai. Da ya yi magana, muryar ƙasa-ƙasa take, amma har bayan zaure an ji.

"Na rubuta su ne don na san kaina zai fara zuba. Wasu na fi shekara ashirin ban waiwaye su ba. Ta uwar yara ma..." Ya motsa leɓe. "Kin tafi kin bar ni da ɗaki mai... mai..."

Ya tsaya. Fankar Kawu ta shige masa kai ta zauna.

"Faɗi," in ji Inna daga inda take. "Ɗaki mai faɗi, Baba. Ruwan randa ma ya daina yi min daɗi. Ranar da na kawo agogon bangonmu kana rera ta, na tsaya har ka gama, na koma gida na ƙona girki."

"Ina kwana ina tashi da zuciya mai raɗaɗi," in ji mai kayan miya. "Rumfata na bayan tasa. Shekara shida ina jin ta."

Baba ya juya fuska wajen muryoyin. Malama kuwa ba ta ɓata lokaci ba, ta zaro jan biro daga jaka, ta soke fanka ta rubuta faɗi, ta soke wanka ta rubuta daɗi.

"Shafi na sha huɗu," ta ce, kamar mai kiran suna a aji. "Tela ya ce min gobe da fanka. Wa ya san wannan?"

Kowa ya juya ya dubi Tela.

"Ban san ta ba," in ji Tela.

"Ƙarya kake," in ji mai guga. "Kai aka yi wa."

"Tashi tsaye," in ji Malama.

Tela ya miƙe yana kallon silin. "Tela ya ce min gobe da safe."

"Na dawo na tarar da shago a..."

"Rufe," in ji zaure gaba ɗaya.

"Ai na ɗinka masa daga baya," in ji Tela, ya zauna.

Daga nan abin ya zama gasa. Malama ta karanta layi ta tsaya, a yi ta jefo kalma. Masu gyaran babur sun san ta damina. Wata tsohuwa da ba ta ce uffan ba tun safe ta kawo baiti tara a jere na waƙar haƙuri, ta ce mijinta ne ya sa ta haddace. Inda aka yi gardama sai a juya ga Baba, shi kuma ya ɗaga yatsa ya ce wannan ce, ko ya ce a'a, ku sake lalubawa. Wani wurin da an ba shi kalma ɗaya sai sauran su zubo masa, ya wuce Malama da gudu har ta ce ya jira biro.

Kawu ya ga jama'a sun yi daɗi, sai ya lallaɓa ya ɗauki lasifika.

"Kamar yadda kuke gani, wannan shi ne kashi na biyu na shirin da na tsara, wato shigar da al'umma cikin..."

"Sha yanzu, mutu yanzu," in ji lasifika.

"Auta," in ji Inna, ko murya ba ta ɗaga ba. "Sauko."

Ya sauko.

Ba a gama a ranar ba. Malama ta yanke hukunci a gaban kowa: kullum da safe Kawu zai ɗauki kujera ya je rumfar Baba, ya karanta yankakkun layuka da bakinsa, ni in rubuta abin da aka samo, duk mai wucewa da ya san wani abu ya tsaya ya bayar. In an kammala a buga a kwamfuta, da yatsa ɗaya ko da rabi, kuma wuƙar nan kada ta kusanci komai sai Tela ya auna da tef. Mako biyar muka yi. Inna ta ce tun da aka haife ni ba ta taɓa ganin na zauna wuri ɗaya haka ba. Mun ƙirga fanka arba'in da ɗaya, duk muka kashe su.

Layi ɗaya ne ya gagara. An tambayi kasuwa, an tambayi tsohuwar nan, an aika wa 'yar Baba da ke aure a wani gari, ba wanda ya tuna. Baba ya kwana uku yana juya shi.

"Karanta min kuma," ya ce. "Tsufa baƙo ne da ba ya yin me?"

"Nan ya yanke, Baba."

"Shi wannan me ya sa a wurin?"

Kawu ya sunkuyar da kai. "Ranar fankar ta lalace," ya ce. "Wayata ce a kan tebur."

Na karanta. "Tsufa baƙo ne da ba ya yin waya."

Baba ya maimaita a hankali. Ya haɗa shi da layin da ke sama, wanda ya ƙare da duniya. Ya sake maimaitawa, yana buga yatsa a kan tebur.

"Lokacin da na rubuta ta ko waya babu a unguwar nan," ya ce. "Amma ta zauna. Bar ta."

Littafin ya fito da farin bango, ba zaki, sunan Baba da haruffa manya kamar na lambar mota. Ya karanta sunan da kansa, sau biyu, a bakin rumfa inda rana ta fi haske, sannan ya naɗe littafin a tsummansa.

Washegari na je shago na tarar da Mai Fenti a kan tsani, Kawu a ƙasa yana ba da umarni, Tela ya fito da almakashi a hannu yana karanta allo. A ƙarƙashin Ofishin Darakta an ƙara layi: Kuma Mawaƙi.

"Da kalma ɗaya?" in ji Tela.

"Kai kana da ko rabi?" in ji Kawu. "Mai Fenti, ƙara masa girma."